Ja, Ruwan Ƙasa ko Shuɗi: Abin da Ke Ƙarƙashin Maɓallin Kibod

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage)

 Yau aron kunnuwanku zan fara nema. Ga kibod guda uku a gabana kan tebur, zan buga jimla ɗaya a kan kowanne. Malam mai kula da na'urori, don Allah a ɗan matso mini da makirfon. Yawwa. Ga na farko.

(Sautin bugu: taf-taf-taf, a tausashe)

Ga na biyu.

(Sautin bugu: ɗan kauri kaɗan)

Na ukun kuwa, wanda ke kusa da rediyonsa ya ɗan ja baya.

(Sautin bugu: ƙyas-ƙyas-ƙyas, da ƙarfi)

To kun ji. Hannu ɗaya ne, jimla ɗaya ce, amma murya uku. Abin da ya raba su wani ɗan akwati ne da bai kai kan babban yatsa ba, wanda ke zaune a ƙarƙashin kowane maɓalli. Makunni ke nan. Shi ke gaya wa kwamfuta cewa an danna harafi kaza. A kansa za mu yi hira yau: wanne ya dace da mai buga rubutu, wanne ya dace da mai wasan kwamfuta, kuma ko maganar da 'yan kasuwa ke yi cewa ja na wasa ne, shuɗi na rubutu, tana da tushe.

Yawancin kibod da muke gani a ofisoshi, da shagunan buga takardu, da cibiyoyin jarrabawar JAMB, ba su da makunni ɗaiɗai. In ka buɗe cikinsu shimfiɗar roba za ka tarar, mai ƙananan tuddai, ƙarƙashinta kuma ledoji masu zanen hanyoyin lantarki. Sai ka danne maɓalli har ƙasa, robar ta lotsa, ledojin su haɗu, kafin harafi ya fito. Arha gare shi, ba shi da surutu, kuma yana aikinsa. Aibinsa shi ne robar na gajiya. Yau wannan harafi ya yi tauri, gobe wancan ya yi lagwab, kuma in guda ya mutu, galibi sai dai a yar da kibod ɗin gaba ɗaya.

Wanda muke magana a kai, da ake kira kibod na makanika, kowane maɓallinsa da makunninsa. Bari in cire hular wannan harafi in faɗa muku abin da nake gani.

(Sautin cire hular maɓalli)

Ga wata 'yar sanda ta roba mai kala, kanta kamar alamar tarawa a lissafi, a nan hular ke zama. In aka buɗe akwatin, ƙarƙashin sandar akwai siririn sifirin da ke mayar da ita sama. A gefe kuma ga wasu ƙarafa biyu sirara suna fuskantar juna. Muddin maɓalli na sama, ƙafar sandar na tokare da ɗaya daga cikinsu, ta hana su taɓa juna. Kana dannawa sandar ta sauka, ta saki ƙarfen, su haɗu, wuta ta wuce, harafi ya fito. Abin lura a nan, haɗuwar tana faruwa ne a tsakiyar hanya. Duk tafiyar maɓallin milimita 4 ce, amma a milimita 2 an riga an gama aiki. Sauran biyun, kyauta ce kawai kake yi wa tebur.

Wannan ƙira ta kamfanin Cherry ce. Wani Ba'amurke mai suna Walter Cherry ya kafa shi a 1953 a jihar Illinois, daga baya cibiyarsa ta koma garin Auerbach a ƙasar Jamus. A farkon shekarun 1980 suka fito da makunnin da suka sa wa suna MX, kuma su suka ɗora wa duniya al'adar bambanta makunnai da kalar sanda. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, sai kamfanonin ƙasar Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shigo da nasu. Dalilin da ya sa farashi ya sauko ke nan har abin ya iso kasuwanninmu. Kuma kada a ji an ce na Sin a ɗauka jabu ne. Akwai masu sha'awar harkar da dama da suka fi son santsin Gateron a kan na Cherry ɗin kansa.

Makunnan nan gida uku ne, kuma siffar sandar nan ce ta raba su.

Na farkon da kuka ji, ƙafarsa a miƙe take sumul. Daga sama har ƙasa ba abin da yatsa zai ci karo da shi. Mu kira shi mai santsi. Sanannensa shi ne Cherry MX ja, wanda ya fito a 2008, yana buƙatar nauyin kimanin giram 45 kafin ya amsa. Yayansa baƙi ya girme shi sosai, kuma ya fi shi tauri, giram 60. Don ku gane ma'aunin, ƙwan kazar gidan gona guda yana tsakanin giram 50 zuwa 60. Ke nan in aka tattara nauyin ƙwai ɗaya a kan jan maɓalli, harafi zai fito.

Na biyu an yi wa ƙafarsa ɗan tudu. Kana dannawa za ka ji wata 'yar turjiya, sai kuma ta saki, kuma daidai wajen ne harafin ke fita. Yatsa ne ke samun labari, kunne ba ruwansa. Mai ruwan ƙasa shi ne wakilin wannan gida, tudunsa na neman kimanin giram 55. Tun 1994 yake. Gaskiyar magana tudun nasa ƙarami ne ƙwarai, har mai bugu da sauri zai iya wuce shi bai sani ba, kuma masu zurfi a harkar suna yawan yi masa ba'a a kan haka. Wanda ke son ya ji tudu na sosai sai ya nemi Cherry MX Clear, mai giram 65.

Na uku, mai ƙarar nan da ta sa mai kula da na'urorinmu ya dafe kunne, shi ne shuɗi. Sandarsa kashi biyu ce. Akwai wani farin ɓangare da ke rataye a jikinta. In ka danna ya kai wani matsayi, sai ya kuɓuce ya faɗa ƙasa da ƙarfi, ƙyas! Da gangan aka yi ƙarar. Tudunsa wajen giram 60 ne.

To yanzu mu zo kan mai rubutu, don a nan zan fi daɗewa. Ina nufin 'yar'uwarmu da ke wuni a shagon buga takardu kusa da jami'a lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa kundin bincike, da akawun kotu, da ɗan jarida, da marubuciyar littafi. Mutumin da yatsunsa ke sauka sau dubbai a rana, abu biyu ke damunsa: gajiya da kuskure.

Amfanin tudu a wajensa shi ne yana koya wa yatsa inda zai tsaya. Wanda ya saba da kibod na roba ya saba da dukan maɓalli har ƙasa, domin in bai yi haka ba harafi ba ya fita. Kowane bugu yatsa na karo da abu mai tauri. In ya koma mai tudu, a hankali hannunsa zai gane cewa da an ji turjiyar nan an gama, sai ya ɗaga ya wuce gaba. Ba kowa ke kai wa ga daina dukan ƙasa ɗungurungum ba, amma ko rage ƙarfin dukan aka yi, an samu sauƙi. Mai santsi ba ya ba da wannan labari. Ga shi kuma da laushi, ta yadda mai nauyin hannu, yana ɗora yatsunsa a layin tsakiya yana tunanin jimla ta gaba, sai ya ɗago ido ya ga allo ya cika da harafi ɗaya a jere. Dattawanmu da suka koyi aiki a kan tafireta su suka fi fuskantar wannan, don hannunsu ya saba da sara. Irinsu baƙi ya fi dacewa da su, ko Clear.

Ni dai in aka bar ni da zaɓina, mai tudu nake ɗauka don rubutu. Amma ba zan ce muku yana ƙara sauri ba. Akwai masu tsananin sauri a kan ja, akwai a kan shuɗi, akwai ma a kan kibod ɗin laftof. Saurin bugu daga sabo yake zuwa, da koyon bugu da yatsu goma ba tare da kallon hannu ba. Makunni daɗin aikin yake ƙarawa ko ya rage.

Shuɗi fa? Daɗi gare shi, kada a raina masa. Ƙarar nan na sa mutum ya ji kamar aiki na tafiya. Sai dai daɗin na mai bugu ne shi kaɗai. In ofis ɗinku mutum biyar ne a ɗaki ɗaya, ko kuwa da dare kake aiki iyali na barci, to ka sayi rigima da kuɗinka. Haka in kana taro ta intanet, makirfo zai kwashe ƙarar tas ya kai wa mutane. Kafin ka saya, ka tambayi waɗanda za su zauna da kai.

Sannan a gyara wani zato: rashin ƙyas-ƙyas ba ya nufin shiru. Jan da kuka ji da farko ai ya yi sauti. Yawancin ƙarar kibod daga dukan ƙasa take fitowa, da kuma komawar sanda sama, da irin kwangon da aka zuba makunnan a ciki. Kwango mara nauyi mai holoƙo amsa-kuwwa yake yi. Wanda ke neman shiru na gaske sai ya nemi irin su Cherry MX Silent Red, waɗanda aka sa wa 'yar roba mai laushi a jikin sanda don ta tare dukan sama da na ƙasa.

Tunda muna kan masu rubutu, rashin adalci ne a wuce ba a ambaci IBM Model M ba, wanda ya fito a 1985. Shi dabararsa daban ce. Sifirin ne a tsaye cikin bututu. Kana dannawa yana matsewa, har ya kai inda zai lanƙwashe farat ɗaya ya bugi bangon bututun, ya tura wata 'yar guduma a ƙasa. Nauyinsa ya kai kilo biyu ko kusa da haka, kuma akwai waɗanda aka ƙera tun shekarun 1980 da har yau ake aiki da su. Wani kamfani mai suna Unicomp a garin Lexington na jihar Kentucky yana ci gaba da ƙera irinsa. In ka ci karo da shi a tsohon sito ko wajen 'yan gwangwan, kada ka bari a fasa. Japanawa kuma suna da Topre, wanda ya haɗa tudun roba da sifirin, ana samunsa a kibod ɗin Realforce. Laushi gare shi, tsada kuma ba a magana.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan makunnan kibod, mun kuma iso kan matasanmu masu wasan kwamfuta.

Tambaya ta farko: wane wasa? In ƙwallo kake bugawa a shagon gem, abin riƙewa a hannu kake amfani da shi. In PUBG ne ko Free Fire a waya, yatsa ne da gilashi. Duk wannan hira ba ta shafi wasanka ba, ka adana kuɗinka. Masu buƙatar kibod su ne masu wasa a kwamfuta, musamman wasannin harbi irin su Counter-Strike da Valorant, inda hannun hagu ke zaune a kan haruffa huɗu, W da A da S da D, yana tafiyar da ɗan wasa gaba da baya, hagu da dama.

A nan maganar 'yan kasuwa tana da ƙamshin gaskiya. Mai wannan wasa yana danna harafi ɗaya a kai a kai, wani lokaci ba ya ma barinsa ya dawo sama gaba ɗaya. Mai santsi ya dace da haka, don inda yake kamawa da inda yake saki kusan wuri ɗaya ne. Shuɗi kuwa, saboda farin ɓangaren nan, sai ka ɗaga yatsa sama da inda ya kama kafin ya sake shiri. In ka yi saurin dannawa sau biyu ba ka ɗaga sosai ba, na biyun ya bi ruwa. Wannan aibi ne na gaske, a cikin ƙirarsa yake. Mai ruwan ƙasa ba shi da wannan matsala sosai, shi ya sa mai kibod ɗaya da ke aiki da rana ya yi wasa da dare yakan tsaya a kansa.

Inda talla ta fi gaskiya yawa shi ne batun sauri. Cherry na da wani mai ruwan azurfa, Speed Silver, da ke kamawa a milimita 1.2 maimakon 2. Ribar ba ta kai milimita ɗaya ba, wato 'yan milisakan kaɗan, kuma milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. To ku auna. Mutum kan ɗauki wajen milisakan 200 ko fiye tsakanin ganin abu da motsa yatsa. Allon kwamfuta na yau da kullum, mai sabunta hoto sau 60 a sakan, yana ɗaukar kusan milisakan 17 tsakanin hoto da hoto. Mai wasa daga Kano ko Yamai da ke haɗuwa da uwar garke a Turai kuwa, jinkirin intanet ɗinsa sau da yawa ya haura milisakan 100. Wanda ke cikin wannan hali ya je ya kashe kuɗi a kan milimita guda, bai san inda ciwonsa yake ba. Ga shi kuma in ya zo rubutu, azurfar nan ko shafarta ka yi ta amsa.

Amma akwai wani abu da ba zan kira shi talla ba, wato makunni mai maganaɗisu. Shi ba ƙarafa masu haɗuwa a cikinsa. Ɗan maganaɗisu ne a gindin sanda, a ƙasa kuma ga na'urar da ke auna kusancinsa, bisa wata ƙa'ida da masanin kimiyya Edwin Hall ya gano tun 1879. Tsohon makunni abu biyu kawai ya sani, an danna ko ba a danna ba. Wannan kuwa ya san daidai zurfin da yatsa ya kai. Saboda haka kai za ka zaɓi inda zai kama: a kibod ɗin kamfanin Wooting na ƙasar Holan, daga milimita 0.1 har zuwa 4. Abin da ya fi wannan ma, ana iya saita shi ya saki da zarar yatsa ya fara ɗagowa, ko a ina yake, ya kuma sake kamawa da zarar ya fara sauka. A Counter-Strike harbi ba ya zuwa daidai sai ɗan wasa ya tsaya cak, don haka wanda maɓallinsa ya riga saki ya riga tsayawa. SteelSeries da Razer duk sun shiga wannan fage na makunnin da ke auna zurfi.

Har abin ya kai ga rigima. A 2024 Razer ta fito da wani tsari, Snap Tap, wanda in ka danna hagu da dama tare, kibod ɗin da kansa zai soke na farko ya bi na ƙarshe. Abin da 'yan wasa ke shekaru suna horar da yatsunsu a kai, na'ura ta ɗauke musu. A watan Agusta na shekarar, kamfanin Valve, mai Counter-Strike 2, ya haramta shi a wasanninsa na hukuma. A ganina sun yi daidai. Amma ku lura, tsarin sokewar aka hana, makunnin maganaɗisu na nan ana amfani da shi.

Saura shiga kasuwa. Kada ka dogara da kala kaɗai, domin ba wata doka da ta ɗaure kamfanoni a kanta. A wajen Razer kore ne mai ƙara, ruwan lemo mai tudu, rawaya mai santsi. Clear na Cherry mai tudu ne mai tauri, amma Clear na Gateron mai santsi ne mai laushin gaske, giram 35 kacal. Suna ɗaya, hali ya sha bamban. Ka karanta abin da aka rubuta na nau'i da nauyi.

Haka kuma fitilu masu walƙiya ba shaida ba ne. Akwai kibod na roba da aka yi wa ado da wuta kala-kala, ana sayar da shi da sunan na 'yan wasa. Ka roƙi mai shago ya cire hula ɗaya. In ba ka ga ɗan akwati mai zaman kansa da sandarsa ba, ka san abin da ake son sayar maka. Sannan ka buga 'yan layuka da hannunka, ka kuma danna dogon maɓallin tazara daga gefe, ka ji ko yana kwaramniya.

In da hali, ka ɗauki wanda ake zare makunninsa a sa wani ba tare da dalma ba. A ƙasarmu wannan ya fi kowace kala muhimmanci, saboda ƙura. Cherry na cewa makunnansu na jure dannawa miliyan 50, wasu ma miliyan 100, amma ba a cikin hunturun Kano aka yi wannan gwaji ba. In ƙura ta shiga tsakanin ƙarafan nan biyu, sai ka danna harafi sau ɗaya ya fito sau biyu, ko ya ƙi fitowa. Mai zarewa, sai ka cire guda ka sa sabo cikin minti ɗaya. Ka dai kula da ƙafafu: akwai makunni mai ƙafa uku, akwai mai biyar, kuma wasu kibod masu arha ramukansu matsattsu ne, na Outemu kaɗai ke shiga cikinsu da sauƙi. Kailh na da wani jeri da suke kira Box, wanda aka killace ƙarafansa cikin ɗan ɗaki don kare su daga ƙura da danshi. Masu maganaɗisu kuma, tunda ba ƙarafan da ke taɓa juna, ba su cika samun wannan ciwo na maimaita harafi ba. Ko wanne ka saya, ka riƙa rufe shi da ƙyalle in ka tashi.

Za ku ji ana cewa ana shafa wa makunni mai don ya ƙara santsi. Haka ne, amma mai ne na musamman, irin su Krytox, ana shafa ɗan kaɗan da siririn burushi bayan an buɗe akwatin. Don Allah kada wani ya ɗauko man keken ɗinki ko baƙin mai ya tsiyaya. Shuɗi kuma ba a cika shafa masa ba, don man na kashe ƙarar da aka saye shi dominta.

Ga masu rubutun Hausa da ke tambayar wane kibod ne ke da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, wannan ba aikin makunni ba ne. A cikin kwamfuta ake saita shi. Windows na da tsarin Hausa a jerin harsunansa, akwai kuma manhajar Keyman da ake saukewa kyauta. Da zarar ka saita, kowane kibod zai fitar da su, na roba ne ko na maganaɗisu.

Mai kula da na'urori na nuna mini agogo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)